Wuyan Jita da Wuyar Jita

Masu iya magana kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru muna kawo wannan karin magana a aji domin misalta hikimar Bahaushe, amma ba mu waiwaya mun dubi tudun da muke tsaye a kansa ba sai a daminar 2023, lokacin da yayarmu ta aiko mana daga Bosso, a nan cikin garin Minna, cewa mu zo maza akwai magana.

Maganar kuwa ita ce ɗanta na fari, wanda ke karatun injiniyan lantarki a jami'a, ya tara 'yan kuɗin da yake samu wajen gyaran waya ya sayi jita. Ba ma irin wadda aka saba gani ba, irin mai dogon wuya ce da tsarkiya huɗu masu kauri, wadda makaɗan zamani ke kira bes. Daɗin daɗawa, ya haɗo da wasu 'yan akwatunan ƙarfe na gwanjo daga Ikko, waɗanda ake jerawa a ƙasa ana takawa da ƙafa. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Kai ne kawunsa, kai ne kuma ka karanci waƙa har ka ƙure ta. Ka gaya masa gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. Ni ban haifi maroƙi ba." Muka ce, "To, Yaya, an gama."

Mun amsa ba tare da wani jinkiri ba, domin mu ma da tamu a ƙasa. Duk ɗalibin da ya zauna ajinmu na adabin baka ya san ƙorafinmu game da na'ura. Mukan bi tarihin tun daga 1990, shekarar da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, mu nuna yadda a cikin shekaru goma fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa. Muna samari a 1999 lokacin da kiɗan fim ɗin Sangaya ya game kowane shago da kowace motar haya, a shekarar kuma da Alhaji Mamman Shata ya riga mu gidan gaskiya. Mukan ce wa ɗalibai su dubi abin da fiyano ya yi: mutum guda ya danna maɓalli, ganga ta tashi da kanta, sarewa ta biyo baya, alhali a da sai an tara mai kalangu da mai kuntuku da 'yan amshi kafin waƙa ta tsaya da ƙafafunta. Da wannan hukunci a aljihu muka nufi Tunga ranar wata Asabar, inda yaron da abokansa ke haya wani ɗan ɗaki suna gwajin kiɗa.

Ya tarbe mu da ladabi, ya shimfiɗa mana darduma, ga alama kuma ya san abin da ke tafe da mu. Maimakon mu fara da wa'azi, sai halin malanta ya rinjaye mu, muka ce ya fara bayyana mana kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ita bes, a siffarta ta lantarki da ta yaɗu a duniya, wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da ita kasuwa a 1951. Aikinta a cikin ƙungiya shi ne riƙe gindin kiɗa, ta ɗaure ganga da sauran kayan sauti wuri guda. Tsarkiyarta mafi kauri tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen sau 20 yake fara ji. Wato dai muryarta tana dab da inda ji yake ƙarewa, shi ya sa ƙirji kan riga kunne sanin an kaɗa ta.

Su kuma akwatunan, ya ce sunansu feda, kamar ta keke, saboda da ƙafa ake kunna su a kashe, tun da hannuwa biyu suna kan jita. Kowace tana cin bolt 9 na wuta. Sautin yakan fito daga jita ta cikin waya, ya ratsa su bi da bi, kafin ya isa lasifika. Ta farko tana sauraren sautin da aka kaɗa, sai ta haifar masa da ɗan'uwa mai rabin yawan karkarwarsa, ya zamo kamar mutum biyu ne ke magana tare, yaro da dattijo. Irin wadda ke gabanmu kamfanin Boss na Japan ya fara yin ta a 1982. Ta biyu tana yayyage sautin ta ba shi kaushi, kamar zugar ƙudan zuma. Ta uku ita ce ya kira rariya, domin tace sauti take yi: in aka taɓa tsarkiya a hankali sai ta tsuke, sautin ya fito a dushe kamar mai cewa "u" da baki a rufe, in kuwa aka finciko da ƙarfi sai ta buɗe ta ce "wa". Ya ce kakar irin wannan ita ce Mu-Tron III ta 1972, wadda makaɗin bes Bootsy Collins ya yi suna da ita a Amurka. Idan aka haɗa ukun, sai jita ta ari muryar sintesaiza, wato na'urar nan mai ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki zalla, irin wadda Robert Moog ya fito da ita a 1964.

Muka ce, "Ashe dai fiyanon ne ya sake shiga ta taga." Ya yi murmushi ya miƙo mana jitar, ya ce, "Kawu, taɓa ka ji." Muka rungume ta kamar mai ɗaukar jinjirin wani, muka ja tsarkiya. Abin da ya fito daga lasifika ba shi da maraba da kukan kwaɗi bayan ruwan sama. Ya karɓa ya kaɗa wuri guda ɗin nan, sai ga sauti mulmulalle, mai nauyi. Ya bayyana mana cewa fedar farko ba ta iya bin sauti biyu a lokaci ɗaya. Dole makaɗi ya kaɗa tsarkiya guda tsaf, ya danne sauran ukun da tafin hannu da yatsu don kada su yi motsi, in ba haka ba sai ta rikice ta riƙa tsalle tsakanin sama da ƙasa. Tana kuma shan wahala a kan sautuka mafiya zurfi, saboda haka sai an hau can tsakiyar wuyan jita. Ita ma rariya ba ta san komai ba sai ƙarfin yatsa. Ya ce, "Kawu, fiyano yana iya kiɗa ko ka tafi salla. Wannan kuwa in na ɗauke hannu shiru za ka ji, in kuma na yi kuskure sai ta ninka shi ta shelanta wa duniya."

Wannan magana ta tsaya mana a rai, amma ba mu sallama ba. Muka ce a wurinmu ma'aunin kayan kiɗan Bahaushe shi ne magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa ya sami ɗaukaka ne domin yana bin hawa da saukar murya, har ya yi wa mutum take ya kira shi da sunansa a tsakiyar kasuwa. In jitarsa ta isa, to ta yi Hausa. Muka yi alkawarin haɗa shi da wanda zai yi alƙalanci.

A Limawa akwai wani tsohon makaɗin kalangu da muka daɗe da sani tun zamanin da muke yawon tattara waƙoƙi, wanda ya gaji kiɗan mahauta daga mahaifinsa. Asabar ta gaba muka ɗauko shi zuwa Tunga. Ya zauna ya dubi wayoyin nan da suka sarƙe a ƙasa, bai ce uffan ba. Can sai ya rataya kalangunsa ya ce, "Yaro, ce mini wuya, na jikin mutum." Ya matse tsarkiyar kalangu a hammata ya buga, ya saki ya sake bugawa, sauti ya hau ya sauko. "To, ce mini wuya, ta wahala." Wannan karon ya fara a sake, sa'an nan ya matse, sauti ya tashi daga ƙasa ya hau. Kowa a ɗakin ya ji bambancin kalmomin biyu sarai, ba tare da an buɗe baki ba.

Yaron ya taka rariyarsa, ya kaɗa sau biyu. Lalle jita ta ce "wu-wa", har abokansa suka fara tafi. Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Bakinta ya buɗe, amma ba ta faɗi komai ba. Wanne ka ce a ciki, na jiki ko ta wahala?" Yaron ya yi shiru, domin a wuri ɗaya ya kaɗa duka biyun, ya bar wa akwati sauran aikin. Tsoho ya ce, "Ni a hammata maganata take. Kai nemi taka hammatar." Aka shafe fiye da awa guda ana abu ɗaya. Aka ɗauke wuta a tsakani, aka tayar da janareta, aka ci gaba. Daga bisani yaron ya gano cewa hannunsa na hagu, mai yawo a kan wuyan jita, shi ne hammatarsa: ya danna sama ya sauko ƙasa, wuyan jiki ke nan, ya danna ƙasa ya hau sama, wuyar wahala ke nan. Da ya zame yatsa a kan tsarkiya ba tare da ya ɗaga ba, sai ga karin faɗau ya fito. Hannun dama da rariya suna ba da wasali, hannun hagu yana ba da karin sauti. Da ya jera kalmomin biyu daidai, tsoho ya amsa masa da kalangu, ya ce, "Yanzu ka yi sallama. Saura ka koyi gaisuwa." Ya juyo gare mu ya ce, "Malam, 'ya'yana uku, babu wanda ya tambaye ni abin da yaron nan ya tambaye ni yau."

A hanyarmu ta komawa gida muka shiga yi wa kanmu hisabi. Kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi har zuwa rasuwarsa a 2015, da gwangwanin kifi ake yin kansa, a rufe da fata a ɗaura tsarkiya guda. Gwangwanin baƙo ne, amma babu wanda ya taɓa cewa kuntigi ba na Bahaushe ba ne. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara ta wannan jiha tamu a 1911, ya ɗebo labarai da dama na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida, mu kuwa muna koyar da wannan a matsayin gwaninta. A Yamai ma, tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗe-kiɗen ƙasar Nijar da fiyanon lantarki. Ashe kuskurenmu shi ne mun tara na'urori duka a kwando ɗaya. Tambayar da ta kamata mu riƙa yi wa kowace na'ura ita ce: shin ta sallami hannun makaɗi ne, ko kuwa ta ƙara masa aiki? Ƙorafinmu game da kiɗan da ke tashi da kansa yana nan, domin mun ga makaɗan da ya raba da abincinsu. Amma fedar da ke tona asirin malalacin yatsa ba ta cikin wannan tuhuma.

Akwai kuma hisabi na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, mu kuma da waƙoƙinsa da na su Narambaɗa muka sami namu digirin, da su muke cin abinci har yau. Duk da haka, da aka ce ɗanmu ya ɗauki abin kiɗa, ba mu yi ko tari ba muka karɓi aikin raba shi da shi. Muna son makaɗi a cikin kaset da kundin bincike, ba ma son sa a zauren gidanmu. Wannan shi ne tudun da muka taka.

Da muka koma Bosso, ba mu ɓoye wa Yaya komai ba. Muka ce mun kasa cika aiken, muka kuma faɗi dalili. Muka shaida mata sharuɗɗan da muka gindaya wa yaron, ya kuma karɓa: karatu ne gaba, ba zai yi kiɗa a inda mutunci ke zubewa ba, ba zai roƙi kowa da jitarsa ba, sa'an nan duk Asabar zai je Limawa ya durƙusa gaban tsohon nan. Ta daɗe tana kallonmu, sa'an nan ta ce, "Na aiki kura ta tsare mini akuya." Ba ta ce ta yarda ba, har yau kuma jitar ba ta kwana a gidanta. Tsoronta ba na banza ba ne, domin ita za ta nema masa aure wata rana, ta kuma san irin tambayar da dangin yarinya za su yi. Ba mu da amsar da za ta share wannan tsoro, sai dai mun ce in ranar ta zo, mu za mu shige gaba.

Mu kuwa mun koma ga takardunmu na koyarwa mun soke shafi biyu. A gurbinsu mun rubuta kalmar "wuya" sau biyu, muna fara darasin karin sauti da ita, mu ba ɗalibai labarin tsoho da yaro. Mun ji an ce yanzu sun wuce gaisuwa, sun shiga taken mahauta, tsohon kuma har ya fara tambayar ko za a iya sa wa kalangu waya. Allah ya ja kwanansa, ya shiryi zuriyarmu, ya kuma ba mu ikon ganin tudun da ke ƙarƙashin ƙafarmu, amin.