Ɗakin Gilashi Ko Rumfar Leda: Yadda Wani Dattijon Bukur Ya Raba Gardama

A wata unguwa da ke gefen garin Bukur, kudu da Jos, akwai wani dattijo tsohon akawun gwamnati, wanda ya yi shekara 35 yana aiki kafin ya ajiye alƙalami. A bayan gidansa akwai wani ɗan fili da tsawonsa bai wuce taku 20 ba, faɗinsa kuwa taku 12. A nan yake shuka tumatir da tattasai da latas, domin ya rage wa uwargida kuɗin cefane, in kuma an sami rara a sayar wa maƙwabta.

A shekarar 1916 ko kakanninsa ba su san wata tsutsa mai cin ganyen tumatir daga ciki ba, amma shekara ɗari bayan haka, watau a 2016, kowane mai lambu a Arewa ya san ta. Ita ce wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka laƙaba mata suna Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta yi ta ƙetare ƙasashe har ta iso mana. Ɓarnar da ta yi ta kai Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki saboda rashin abin niƙa, kwandon tumatir kuwa ya yi tashin gwauron zabi. Lambun dattijon nan bai tsira ba. Cikin mako biyu ganyen ya bushe kamar an bi shi da wuta. Abin da tsutsa ta rage, ruwan Agusta ya ƙarasa shi, gama duk mai lambu a tsaunukan Jos ya san yadda tumatir ke ruɓewa in marka ta zauna.

Saboda haka da kuɗin sallamarsa suka fito, bayan dogon jira, sai ya ƙudura a ransa zai yi wa shukarsa ɗaki. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya gina ɗakin gilashi, ko kuwa ya kafa rumfar leda, watau ƙarafa da aka tanƙwara kamar baka, aka jera, aka lulluɓe da leda mai kauri. Ga duk mai lissafi zaɓin ba mai wuya ba ne, shi kuwa akawu ne. Amma akwai wani abu a zuciyarsa wanda ba ya shiga littafin lissafi.

Sa'ad da yake yaro, mahaifinsa gadina ne a gidan wani Baturen kamfanin kuza. A bayan gidan akwai wani ƙaramin ɗakin gilashi inda matar Baturen ke renon furanni. Mahaifinsa ne ke wanke gilasan, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwashe busassun ganyaye, amma yaron ba a yarda ya taka ƙofar ba. Yakan tsaya a waje ya manna goshinsa jikin gilashi yana kallon mahaifinsa a ciki, har numfashinsa ya dusashe wurin. Turawan sun tafi, mahaifin ya riga mu gidan gaskiya, amma hoton nan bai gushe ba. Watau dai dattijon ba ɗakin tumatir kaɗai yake so ba, yana son ya buɗe waccan ƙofa da hannunsa ya shiga.

Ya kira mai walda da mai yankan gilashi suka auna fili suka yi masa lissafi. Ɗakin gilashi yana bukatar harsashi na siminti, da ƙarafa masu ƙarfi da za su ɗauki nauyi, da gwanin da zai ɗora kowane falle daidai. Da aka tara kuɗin sai ga shi zai cinye fiye da rabin abin da ya samu na shekara 35. Rumfar leda mai girma ɗaya kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba.

Da dare ya nuna wa uwargida takardun. Ta dube su, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, “Malam, auta ba ta gama makaranta ba, kwanon ɗakin tsakiya yana yoyo. Kuma ka manta ƙanƙarar da ta sauka bara ta farfasa mana tagogi biyu? In ta sami ɗaki guda na gilashi tsirara a fili, wa zai biya?” Maganarta kuwa gaskiya ce, domin tsaunukan Jos suna daga wuraren da ƙanƙara ke sauka a ƙasar nan, musamman a farkon damina. Dattijon ya ce zai yi tunani, alhali kuwa ransa bai sauka daga kan gilashi ba.

Wanda ya warware masa ƙullin wani matashi ne malamin gona, ɗan abokinsa. Ya zo ya zagaya lambun, ya saurari dattijon har ya gama, sai ya durƙusa ya ce, “Baba, a gafarce ni, ina da tambaya guda. Daga mene ne kake son ka kāre tumatir ɗin nan?” Dattijon ya ce daga tsutsa, da ruwa, da ƙanƙara. Matashin ya ce, “To, Baba, ba ka ambaci sanyi ba. Shi kuwa ɗakin gilashi domin sanyi aka ƙirƙiro shi.”

Lokacin watan Maris ne, rana ta take tsaka. Sai ya roƙi dattijon su shiga tsohuwar motarsa da ke ajiye a ƙofar gida, suka ɗaga gilasai. Ba a yi minti biyar ba gumi ya jiƙa rigar dattijon, ya buɗe ƙofa ya fito yana fifita da hula. Matashin ya ce haka ɗakin gilashi yake aiki: hasken rana ya shiga ya ɗumama ƙasa da iskar ciki, iskar kuma ba ta da hanyar fita. A Ingila da Holan wannan alheri ne. Babban ɗakin gilashin da aka gama a lambun Kew na birnin Landan a 1848, an yi shi ne domin a raya itatuwan ƙasashe masu zafi, irin su kwakwa, waɗanda sanyin can zai kashe. Watau sun gina gilashi ne su kwaikwayi yanayin da Allah Ya ba mu kyauta. Tumatir kuwa in zafi ya haura digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, furensa kakkaɓewa yake yi, sai a ga ganye shar amma babu 'ya'ya. Mai ɗakin gilashi a ƙasa mai zafi sai ya haɗa da fankoki da tagogin sama da wuta wadda ba ta yankewa, wannan kuwa wani sabon kashe kuɗi ne.

Ya kuma ba shi misalin lardin Almeriya a kudancin Sifen, ƙasa mai rana da ƙarancin ruwa, inda rumfunan leda suka rufe fiye da hekta 30,000, har ana hango farinsu a hotunan tauraron ɗan'adam, daga nan kuma ake kai wa Turai tumatir da tattasai a tsakiyar hunturu. Mutanen Holan da ke da sanyi suka riƙe gilashi, mutanen Almeriya da ke da rana suka riƙe leda, kowa ya ɗinka riga daidai jikinsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Amma matashin bai ɓoye masa aibin leda ba. Ita ma tana tara zafi in aka rufe ta ruf, saboda haka a wurinmu rufin sama kaɗai ake yi da leda, gefuna kuwa a sa raga mai ƙananan idanu, wadda iska za ta ratsa amma farin ƙuda da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsa ba za su wuce ba. A ɗaga rufin sosai domin zafi ya sami wurin hawa, a kuma yi ƙofa biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. Ledar kuma ba irin ta kasuwa da ake shanya barkono a kai ba ce, wadda rana ke dagargazawa cikin 'yan watanni, araha ba ta ado. Ana neman wadda aka yi wa maganin rana, mai kaurin maikiron 200, ita ma bayan shekara uku zuwa biyar sai an sake ta. Gilashi kuwa, in ƙanƙara da dutsen yara sun bar shi, sai ya yi shekaru masu yawa, iska ba ta yaga shi, haske kuma ya fi ratsa shi. Bugu da ƙari, babu ɗayansu da ke maganin ciwon da ke cikin ƙasa mai sa tumatir ya yi yaushi dare ɗaya; wanda ƙasarsa ta kamu sai ya yi shuka cikin buhuna da sabuwar ƙasa. Ya ƙara da cewa Jos ma ke nan, mai tudun da ya kai kimanin mita 1,200. A Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ragar inuwa ta fi leda amfani a waɗannan watanni, a Ikko da Ibadan kuwa ruwa da laima ne abokan gaba, don haka rufi ake so da gefuna a sake.

Dattijon ya kwana uku yana juya maganar. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da ya tuna cewa ko a wancan ɗaki na yarintarsa, mahaifinsa yakan shafa wa gilasan farar ƙasa in bazara ta matso, ya buɗe ƙofa da tagogi duka, yana fitowa sharkaf da gumi. Shi yana waje yana sha'awa, ashe na ciki wahala yake sha. A rana ta huɗu ya kira mai walda ya ce a tanƙwara ƙarafa.

Ba a ce abin ya tafi sumul ba. Saboda tsimi, ya ƙi sayen igiyoyin ɗaure rufi, turakun kuma bai bari an zurfafa su ba. Hadarin farko na damina ya taso da iska da dare, kafin asuba ledar ta tsage daga wannan kai zuwa wancan, wani sashenta yana lilo a kan mangwaron maƙwabci. Uwargida ba ta ce masa uffan ba, shi ma bai nemi ta ce ba. Ya sayi wata, aka kafa turaku da siminti, aka ɗaure rufin tamau, aka naɗe ƙarafan da tsumma a duk inda suka taɓa leda domin kada zafin ƙarfe ya cinye ta. Kuma ko da aka haɗa asarar da kuɗin farko, bai kai rabin kuɗin gilashi ba. Da ɗakin gilashi ne ya yi wa irin wannan kuskure, da sai dai a share tarkace.

Daga nan ya koyi sauran aikin da hannunsa. Ya gane cewa tun da iska ba ta kaɗa shukar sosai a ciki, ƙudan zuma kuma ba sa shiga, sai ya bi layi da hantsi yana girgiza zaren da tumatir ke hawa, domin furen ya ɗauki 'ya'ya. Ya koyi ba da ruwa a gindi ba a kan ganye ba, da wanke ƙurar hunturu daga rufi, da duba bayan ganye kowace safiya, gama raga ragewa take yi, ba ta hana ɓarna ɗungum. A watan Agusta, lokacin da tumatir ke wuya a kasuwa, uwargida ta daina saye, har mata na aiko yara da kwanuka. Auta ta gama makaranta, an kuma sake kwanon ɗakin tsakiya.

Gilashin fa? Sa'ad da ake gyaran gida aka cire tsofaffin tagogi biyu masu gilashi. Dattijon ya hana a yar. Ya jera bulo a gefen rumfar ya yi ɗan akwati, ya kifa tagogin a kai. A cikin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ke sa iri ya yi nawar tsirowa, a nan yake renon dashe, ya rufe da yamma, ya ɗaga da hantsi. Watanni biyu ke nan a shekara da gilashi ke da aiki a gidansa, aikin kuwa yana yinsa sosai.

Yana da wani jika ɗan shekara bakwai da ke binsa lambu kowace Asabar. Ran da yaron ya fara tsayawa a bakin rumfar yana leƙe ta cikin raga, dattijon ya ajiye butar ban-ruwa, ya buɗe ƙofar waje, ya buɗe ta ciki, ya ce, “Shigo, maigida, amma ka rufe ta bayanka saboda ƙwari.” Yanzu yaron ne ke girgiza zaren layin farko.