Ranar da Man Giya Ya Fito Kamar Shayi da Madara

Duk yaron da ya taso a Yauri, bakin Kogin Kwara, ya san ƙarar injin jirgi tun kafin ya san ƙararrawar makaranta. Mu biyu ne a wannan labari, wa da ƙani, tazarar shekara ɗaya tsakaninmu, kuma dukkanmu muna jami'a. Kuɗin makarantarmu, tun daga firamare har yau, daga jirgin katako guda ɗaya yake fitowa, wanda Baba yake ƙetarar da mutane da kayansu a cikinsa.

Yawancin jiragen da ke tasharmu injinsu irin wanda ake gauraya wa baƙin mai da fetur ne, don haka ba a yi masa juye. Na Baba mai ƙarfin doki 40 ne, irin wanda baƙin mansa ke zaune a ma'ajinsa daban, kamar na mota. Irin wannan ana yi masa juye bayan awa 20 na farko in sabo ne, daga nan kuma duk bayan awa 100 na aiki, ko sau ɗaya a shekara in bai kai ba. Baba bai yi boko ba, amma yana da tsohon littafin rubutu da yake jan layi ɗaya a ciki duk awa guda da injin ya yi. In layuka suka cika ɗari, ko ana ruwan sama sai an yi juye.

A hutun daminar bara, layukan suka cika daidai lokacin da aka yi rasuwa a danginmu a Kontagora. Da zai tafi ta'aziyya, sai ya ajiye mana galan na baƙin mai, da sabuwar filta, da robar man giya, ya ce, "Samari, ku yi duka biyun, na sama da na ƙasa. Abin da kuka gani ku faɗa mini." Muka ce, "To Baba, Allah Ya kiyaye hanya."

Na sama bai ba mu wahala ba, domin mun sha ganin ana yi. Muka tayar da injin yana cikin ruwa na 'yan mintuna don man ya yi ɗumi ya tsinke. Muka kashe, muka ɗauke shi zuwa tudu, muka kafa shi a tsaye. Muka kwance notin juye, baƙin mai ya zubo cikin kwano, muka sauya filta, muka ɗura sabo har ya tsaya tsakanin zane biyu na geji. Har muna yi wa juna bayanin abin da aka koya mana a aji: mai yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya rage gogayya, ya kwashe zafi da datti, kuma in ya tsufa wannan aikin yana gagararsa.

Sai muka sauka ƙasa, wajen akwatin giya, wanda ke nutse cikin ruwa kusa da farfela. Sukurori biyu gare shi, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Da muka kwance su, abin da ya fito bai yi kama da mai ba. Fari-fari ne, kamar shayin da aka cika wa madara. Muka dubi juna. Ko ba a faɗa mana ba, mun san ruwa ne ya shiga.

A nan ne muka yi laifin da ya sa muke wannan rubutu. Washegari ranar kasuwa ce, kuma Baba ya yi mana alkawarin wani kaso na kuɗin da aka samu, mu haɗa guzurin komawa makaranta. In muka buga masa waya, cewa zai yi a ajiye jirgin sai bakanike ya duba. Sai muka ce wa kanmu ai sabon mai zai gyara komai. Muka toshe ramin ƙasa, muka ɗura ta na sama har muka ga ya tumbatso, muka ɗaure. Da Baba ya dawo ya tambaya, muka ce, "Lafiya lau, Baba."

Kwana goma sha biyu jirgin ya yi yana aiki. Ran na goma sha uku muna ciki tare da Baba, mun ɗauko mata masu buhunan shinkafa, da wani tsoho da akuyarsa, da wata mai goyo. Kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana gudu. Muna tsakiya sai muka ji wani gurnani daga ƙasan injin, sai ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Injin yana kuka a sama, farfela ta daina juyawa. Nan take ruwa ya karkata hancin jirgin ya fara tafiya da mu.

Mutanen yankinmu ba su manta da haɗarin jirgin da ya auku kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa. Don haka ba sai an yi wa kowa bayani ba. Mata suka ɗauki salati, wasu suka yunƙura za su miƙe. Baba ya daka tsawa, "Kowa ya zauna! Wanda ya tashi shi zai kifar da mu!" Ya miƙo mana filafili ɗaya-ɗaya. Muka yi ta tuƙi har tafin hannunmu ya saɓule, ba don mu kai gaɓa ba, sai don kada jirgin ya ba igiyar ruwa gefensa. Allah Ya taimake mu, wani mai jirgi ya hango mu, ya zo ya jefo igiya ya ja mu. Ba wanda ya rasa ransa. Amma har yau muna tuna yadda mai goyon nan ta kwanto ɗanta daga baya ta ƙanƙame shi a ƙirji.

Da yamma Baba ya kwance farfela a gabanmu. A bayanta, zaren roba na masu fatsa ne ya nannaɗe a sandar, ya ci robar da ke hana ruwa shiga. Ta nan mai ke fita, ruwa ke shiga. Ya ɗago sukurun ƙasa, mai maganaɗisu a bakinsa, ya nuna mana ɓarɓashin ƙarfe da ya manne. Sannan ya tambaya, ba tare da ɗaga murya ba, "Ranar da kuka juye, wane launi ya fito?" Muka sunkuyar da kai, muka faɗa masa gaskiya. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Mai ya yi muku magana, ku kuka ƙi isar da saƙo."

Bakanike ya ƙara gano kuskurenmu na biyu. Ba a ɗura man giya ta sama, domin iska takan tare hanya, ka ga ya tumbatso alhali cikin bai cika ba. Ta ramin ƙasa ake matsa shi, ya yi ta hawa har ya ɓullo ta na sama. Sai a fara toshe na sama, sannan a zare bakin robar a yi maza a toshe na ƙasa, kowanne da sabuwar washa. Da mun yi magana tun farko, 'yar roba ce kawai za a sauya. Shirunmu ya jawo sayen giya sukutum, jirgin ya yi mako uku a kan tudu, ragon da Inna ke kiwo domin Babbar Sallah shi ya tafi kasuwa. Ba wanda ya ce mana ga dalilin sayar da shi, mu ma ba mu tambaya ba.

Yanzu duk hutu mu ke yin juye, kuma Baba bai karɓe aikin daga hannunmu ba, abin da ya fi bulala zafi. Kafin mu taɓa sifana muna cire farfela mu duba zare. Muna tara tsohon mai a farin kwano don mu ga launinsa da kyau, mu murza shi tsakanin yatsu ko akwai ɓarɓashi. In mun gama, muna juye shi a jarka mu kai wa bakanike. Ko ɗigo ba ya shiga kogi, domin ruwan nan shi ake wanka da wanki da shi, a cikinsa kuma kifin da muke ci yake rayuwa.

Ƙannenmu na sakandare, da yawanku an taɓa ba ku irin wannan aiki: duba man janareta, ko na babur ɗin Yaya, ko na injin ban-ruwa. Babu mai tsayawa a kanku, kuma in kun ce lafiya lau za a yarda. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In kuka ga abu ya sauya launi, ko ƙara, ko wari, ku faɗa a ranar, ko da faɗar za ta hana ku kuɗin kashewa. Mu ranar kasuwa ɗaya muka ƙi rasawa, saura ƙiris mu rasa jirgi cike da mutane.