Alƙali da Gwamna a Aljihu: Ko Ƙaramar Bindiga Za Ta Tsare Mu a Damba?

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka matso gefen Gusau, zancen mallakar makami ya tashi daga bakin mafarauta da 'yan banga ya koma bakin ma'aikatan banki, malaman makaranta da jami'an lafiya. A Damba nake zaune, kuma aikin jarida yana sa ni bin hanyar da ta ratsa Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa fiye da yadda raina yake so. Saboda haka ba baƙon wannan zance ba ne ni. A 'yan kwanakin nan, sunan da na fi ji a bakin abokai masu kallon bidiyon makamai a YouTube shi ne na wata libarba ta Amurkawa mai cin harsashin bindigar farauta. Suna cewa ga magani a gonar yaro: ta shige akwatin gaban mota, ta kwanta ƙarƙashin matashi, kuma tun da ƙwayoyi take watsawa, ko wanda bai iya saiti ba zai sami abin da ya harba.

Ban raina masu wannan tunani ba, don tsoron da ke damun su shi ke damu na. Amma bindigar nan an ƙera ta ne don amsa wata tambaya ta wata ƙasa, kuma idan aka ɗora ta a kan tamu tambayar sai a ga ba ta kai ko'ina ba.

Mafi shahara a irinta ita ce Taurus Judge, wadda kamfanin Taurus na ƙasar Brazil ya fito da ita a 2006. Ma'anar sunan shi ne Alƙali. Kamfanin ya ce ya raɗa mata shi ne bayan ya ji cewa wasu alƙalai a Miami suna riƙe ta don kare kansu. A 2011 kamfanin Smith & Wesson ya fito da kishiyarta, ya sa mata suna Governor, wato Gwamna. Alƙali tana ɗaukar harsashi 5, Gwamna tana ɗaukar 6. Abin da ya bambanta su da sauran libarba shi ne doguwar gangar da ke juyawa da harsasai, wadda ke karɓar harsashin fistol mai lamba .45 Colt, kuma ta karɓi na farauta mai lamba .410, wanda ke cike da ƙwayoyin dalma.

A nan ne talla ta rabu da gaskiya. Lamba .410 ita ce ƙarama a cikin harsasan farauta da aka saba da su. Mai lamba 12, wanda mafarautanmu suke ɗurawa a bindiga mai baki ɗaya ko biyu, yakan ɗauki manyan ƙwayoyi 9, na.410 yakan ɗauki 3 zuwa 5. An kuma tsara shi ne don dogon bututu, inda albarushi ke samun zarafin ƙonewa ya tura ƙwayoyin da ƙarfi. A bututun da bai wuce inci 3 ba, wani kaso na wannan ƙarfi yakan tafi a ƙara da walƙiya. Sannan dokar makamai ta Amurka ta 1934 ta tsananta a kan ƙaramar bindiga mai santsin ciki, don haka dole masu ƙira suka yi wa bututun zane mai murɗawa. Wannan zane yana daidaita tafiyar harsashi guda, amma ƙwayoyi sai ya juya su ya warwatsa. A taku biyar suna tafiya kusan a dunƙule. Da an ƙara nisa sai kowace ta kama gabanta. Wanda ya ɗauka watsuwar ce za ta rufa masa asiri idan hannunsa na rawa, ya tuna cewa kowace ƙwayar da ta kuskure ɓarawo tana neman inda za ta sauka, kuma a gidajenmu bayan kowane bango akwai mai barci.

Ba'amurken da ke sayen wannan bindiga yana da abubuwa biyu a ransa. Na farko maciji, idan ya fita yawon daji ko kewaya gona. Na biyu ɓarawo ɗaya ko biyu da suka fasa taga, ko wanda ya leƙo ta gilashin mota. Duka biyun a kusa suke, kuma duka biyun lamari ne na daƙiƙoƙi, wanda daga bayansa ake sa ran 'yan sanda su iso, kotu kuma ta saurari hujja. Ko a can ma masana harbi sun daɗe suna gardama a kanta, da yawa suna ganin jemage ce, ba ta kai fistol saiti ba, ba ta kai bindigar farauta ƙarfi ba.

Mu fara da macijin, tun da mu ma muna da shi. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba baƙi ba ne a gonakin Bungudu da Tsafe, kuma kububuwa ce ta fi kai manoma asibiti a yankinmu na savana, kamar yadda ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a Gombe suka fi kowa sani. Sai dai macijin da ka gani ba shi ke saran ka ba. Wannan sai ka ja da baya ko ka ɗauki sanda. Wanda ke sara shi ne wanda ka taka cikin ciyawa ko ka damƙa cikin dami. Takalmin roba mai tsawo, tocila da dare, da sanin asibiti mafi kusa da ke da allurar dafi sun fi kowace libarba amfani a nan, kuma babu mai tambayarka lasisinsu.

Sai hanya. Wanda ya san tsakanin Tsafe da Yankara ya san yadda tare hanya yake. Mutane ne da yawa a kan babura, biyu ko uku a kowane babur, suna fitowa daga daji, suna buɗe wuta tun motarka ba ta iso ba. AK-47 da ke hannunsu tana ɗaukar harsashi 30 a ɗuri ɗaya, tana kuma kisa a nisan mita 300. Kai kuma kana zaune a kujera da harsashi 5 da ba su da tasiri sai mutum ya zo kusan inda za ku gaisa. Idan ka harba, ka mai da motar da ke ɗauke da iyalinka ko fasinjoji abin hari. Idan ba ka harba ba aka same ta a jikinka, ka tashi daga wanda za a nemi fansarsa ka koma wanda ake zargin jami'in tsaro ne ko ɗan sa-kai, kuma makamin ya ƙaru a rumbunsu. Haka lissafin yake ga matan da yaran Wanzamai da aka kwashe da dama a watan Afrilun 2023 sa'ad da suka shiga daji neman itace: babu wata bindigar aljihu da za ta sauya abin da ya faru a ranar.

A gida ma labarin bai canza ba. Daren 22 ga Satumba, 2023, da aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, nan kusa da mu, aka tafi da fiye da mutum 20, yawancinsu 'yan mata, gungu ne suka zo suka mamaye unguwa. Irin wannan harin shi ke hana mu barci, kuma ya sha bamban da ɓarawon talabijin da Alƙali take jira. Akwai kuma sauran kwanakin shekara da babu wanda ya zo, amma bindigar tana nan a ɗaki, a gidan da yara ke bincike ko'ina, ake saɓani irin na zaman tare, ake kuma samun ɗan'uwan da ya dawo da tsakar dare bai yi sallama ba. Binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a Amurka ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin kisa a cikinsa kusan ninki uku. An yi ta muhawara a kan alƙaluman, kuma zamansu ba irin namu ba ne, amma darasin mai sauƙi ne: makamin da ke kusa da hannunka yana kusa da hannun kowa a gidan.

Duk wannan ma kafin a zo ga doka ke nan. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai masu ɗuri ta baki irin su adaka, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda ke ƙarƙashin Sufeto Janar. Sannan akwai haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Libarba da fistol, kowace iri, suna cikin wannan kashi na uku, jeri ɗaya da bindiga mai jigida da gurneti. Cin harsashin farauta bai fitar da Alƙali daga wannan jeri ba, kuma hukuncin riƙe ta ba izini ɗauri ne na shekara 10 ko fiye. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfin da ya dace don kare ransa da dukiyarsa, amma bai halatta masa kowane makami ba. Ma'aikacin da aka samu da ita a shingen sojoji ya yi asarar aikinsa da 'yancinsa tun bai haɗu da ɗan bindiga ko ɗaya ba.

Mun riga mun gwada wannan hanya a matakin jiha. A ƙarshen Yunin 2022, bayan hare-hare a Mada da Wonaka da Ruwan Ɓore da 'Yandoto, gwamnatin Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi bindiga don kare kai, ta kuma ce za a raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar. Ba a jima ba Kwamishinan 'Yan Sanda na lokacin, Ayuba Elkanah, ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Talaka ya tsinci kansa tsakanin hukumar da ta ce ya kare kansa da hukumar da za ta kama shi idan ya yi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: to mu zauna a yanka mu kamar kaji? Gaskiya ne akwai garuruwan da suka tsaya suka kori mahara da adaka da bindigar farauta. Amma a duba abin da ya yi aiki a wuraren. An ga maharan tun daga nesa, an yi shela, maza sun fito da yawa, sun san kowane lungu, wani lokaci akwai ganuwa ko rami, kuma an riƙe wuri har ɗauki ya iso. Yawan jama'a da saurin labari su suka yi aikin, bindiga ta biyo baya. Kuma tarihin 'yan sa-kai a jiharmu ya koya mana ɗaya fuskar: makami a hannun da babu mai tuhumarsa yakan koma kan wanda bai ji ba bai gani ba, ramuwar gayya kuma ta sauka a kan ƙauye guda. Dalilin da ya sa Askarawan Zamfara su 2,645 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ranar 31 ga Janairu, 2024 suka cancanci mu sa musu ido biyu ke nan: ido ɗaya a kan ko ana biyan su, ana ba su kayan aiki, ɗaya kuma a kan ko ana hukunta wanda ya wuce gona da iri.

Ni dai abin da na zaɓa wa gidana bai da armashin bidiyo. Ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, fitila mai aiki da hasken rana a bakin layi, kuɗin masu gadi da ake tarawa duk wata ba tare da an bi mutum ba, da jerin lambobin waya da kowane magidanci ya san wa zai kira bayan an kira shi. Watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar, ya nuna mana cewa waya ma tana iya yin shiru, don haka usur da ƙararrawa da lasifikar masallaci suna da gurbinsu. A hanya kuma ba na fita da duku-duku ko bayan la'asar, ina tambayar direbobin tasha kafin in tashi, kuma idan na ga motoci sun daina zuwa daga gaba nakan tsaya. Babu ɗayan waɗannan da ke ba da tabbaci. Abin da suke sayo wa mutum shi ne mintoci, kuma a daren hari minti goma na gargaɗi ya fi harsashi biyar.

Abin da ya fi damu na a sha'awar wannan bindiga shi ne abin da take nunawa game da mu masu albashi. Da ruwan famfo ya ƙafe mun haƙa rijiyar burtsatse, da wuta ta ɗauke mun sayi janareta da sola, da makarantar gwamnati ta lalace mun kai 'ya'yanmu ta kuɗi. Yanzu muna so mu sayi tsaro haka nan, kowa da nasa a aljihu. Sai dai tsaro ba ya sayuwa gida-gida. Idan Wanzamai ba ta yi barci ba, Damba aron barci take yi. Mu da muka iya rubuta takarda, muka san ƙofar ɗan majalisa, muke da murya a rediyo, aikin da ya fi dacewa da hannunmu shi ne matsa lamba: a girke jami'ai na dindindin a hanyar Tsafe, a amsa kira cikin lokaci, a gurfanar da masu kai wa 'yan bindiga bayanai da makamai, a kuma bayyana inda kuɗin tsaro ke tafiya. Masu ƙera bindigogin nan sun san abin da mai tsoro yake nema shi ya sa suka raɗa musu Alƙali da Gwamna. Mu muna da na gaske, masu ofis da rantsuwar kama aiki, kuma su ya kamata mu tasa gaba har su yi abin da aka naɗa su dominsa.