Tsuntsun Da Yayi Ya Cinye

Ni dai in ana kallon fim, idona ya fi zama a wuyan jaruma da kunnenta fiye da fuskarta. Ƙawayena har tsiya suke yi mini, wai zan iya zana ɗankunnen Aishwarya na cikin Devdas da ka, amma a tambaye ni labarin sai inda-inda. Kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Sau nawa 'yar wasa ta fito da wata sarƙa a fim ɗin Hausa, kafin sati biyu an fara neman irinta a kasuwa?

Wannan hali ne ya sa na maƙale wa Whale Rider, fim ɗin ƙasar Niyu Zilan na 2002, wanda Niki Caro ta ba da umarni. Yarinyar ciki, Keisha Castle-Hughes, tana da shekara 13 aka sa ta takarar kyautar Oska. Amma abin da ya riƙe ni shi ne abin wuyan kakanta, haƙorin ƙaton kifin tekun nan da fim ɗin ya ci sunansa. Tsohon ya jefa shi cikin teku, ya ce yaron da ya ɗauko shi ne magajinsa. Mazan duk suka kasa, jikarsa mace ta ɗauko. A nan na gane cewa a wurin Maori, 'yan asalin waɗannan tsibirai, abin wuya ba kwalliya ba ce kawai, sarauta ce da asali.

Kayan adonsu daga ƙasarsu suke fitowa. Akwai koren dutse mai suna pounamu da ake tsinta a kogunan tsibirin kudu, akwai ɓawon katantanwar teku, paua, mai walƙiyar shuɗi da kore kamar jelar dawisu. Sai kuma wani ɗankunne da maƙeran can suke yawan yi yanzu: gashin tsuntsu baƙi, dogo, bakinsa fari fat. Wasu na azurfa, wasu na ƙashi, wasu na katako. Wallahi in kin gan shi sai kin yi sha'awa. Sai dai tsuntsun da ake kwaikwayo babu shi a duniya.

Sunansa huia, kuma a dazuzzukan tsibirin arewa kaɗai yake. Baƙi ne, da tsoka ruwan lemo a gefen baki, jelarsa gashi 12. Abin mamaki, bakin namijin gajere ne mai kauri, na macen dogo siriri a lanƙwashe, har Turawan farko suka ɗauka tsuntsaye iri biyu ne. A wajen Maori, manya ne ke soka gashinsa a kai, kuma akwai akwati na musamman da ake sassaƙawa don ajiye shi.

To, ga inda labarin ya zama irin namu. A 1901 Yarima George, ɗan Sarkin Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki George na 5, ya ziyarci garin Rotorua. Wata mace Bamaoriya ta cire gashin huia ta soka masa a hula don girmamawa. Aka ɗauki hoto, jaridu suka buga. Shi ke nan! Kowa sai ya ce shi ma irin na Yarima yake so, gashi ɗaya ya kai fam guda. Dama can maƙeran Turawa suna ɗaure bakin macen da zinare su mai da shi abin maƙalawa a riga. Irinsu na nan a gidan tarihi na Te Papa da ke Wellington. Ni kam ko kyauta aka ba ni ba zan rataya ba.

Don Allah kar a ce hular Yarima kaɗai ta yi kisan. An sare dazuzzuka don kiwo, jiragen ruwa sun kawo ɓeraye da kyanwoyi, masu tara gawar tsuntsaye don gidajen tarihi na Turai su ma sun kwashi rabonsu. An yi dokar kare shi tun 1892, ba a bi ba. Amma yayin ya zo daidai lokacin da 'yan kaɗan suka rage. Ganin ƙarshe da aka tabbatar shi ne na Disambar 1907, shekara shida kacal bayan hoton.

A watan Mayun 2024 an yi gwanjon gashi guda ɗaya a birnin Auckland, ya tashi sama da dalar Niyu Zilan 46,000, kuma doka ta hana fita da shi daga ƙasar sai da izini. Shi ya sa na azurfar ya fi burge ni. 'Yar makaranta ma za ta iya sakawa, ba a zubar da jinin komai ba.

Ko kukansa ba a taɓa ɗauka a faifai ba. Abin da ya rage shi ne muryar wani dattijo, Henare Hamana, wanda ya san tsuntsun tun yana saurayi. Fiye da shekara 40 bayan ɓacewarsa aka zaunar da shi gaban na'ura, ya yi fito irin na namijin, sannan ya amsa da irin na macen.