Sai Masu Gida, Amma Gidan na Wane Ne?

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta farko da na taɓa zubar wa hawaye ba ta taɓa fitowa a jarida ba. Ta garinmu ce, Birnin Kudu, kuma filinta wani fage ne mai tsakuwa a bayan makarantar firamare, wanda sai an kori awaki kafin a fara wasa. Wani attajiri ɗan siyasa ne uban ƙungiyar. Shi ya sayi riguna da takalma da raga, shi yake biyan kuɗin mota idan za a je wasa Gwaram ko Dutse. Mu kuwa namu ihu ne da kiɗan galan. Shekarar da ya faɗi zaɓe ya tattara ya koma birni, muka je fili wata safiya muka tarar an kwance raga, an bar turaku tsirara. Bayan mako biyu labari ya iso cewa ya miƙa kayan, haɗe da 'yan wasa huɗu da suka fi kowa gwaninta, ga wani abokinsa a wani gari, a madadin bashin da ke tsakaninsu. Babu wanda ya shawarce mu. Da muka natsu muka duba, babu ma dalilin shawartarmu, domin ko allura ba mu da ita a cikin kayan.

Da hutu ya zo na kai ƙorafi wurin kawuna a Gwaram, dattijon da ba ya rabuwa da rediyo ranar da Kano Pillars take wasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, kayan aro ba ya rufe katara. Ku zuciya kuka ba da, shi kuɗi ya ba da. Ranar rabo kuwa kuɗi ake ƙirgawa." A lokacin na ji zafin maganar. Amma duk lokacin da na ji an ce za a sayar da wata babbar ƙungiya, ko za a ɗauke ta daga garinta, turakun nan biyu nake tunawa, domin abin da ya same mu shi ne yake samun manya, adadin kuɗin ne kawai ya bambanta.

Me ake saya idan an sayi ƙungiya?

A Najeriya, abin da ya fi tsada a jikin ƙungiya shi ne gurbinta a gasa. 'Yan wasa kwantiraginsu gajere ne, filin wasa galibi na gwamnati ne, suna kuwa ana iya sauya shi cikin yini guda. Gurbin shi ne hajar. Wanda ya saye shi ya tsallake shekarun da ake shafewa ana hawa daga ƙananan rukunai, kuma yana iya kai shi garin da ya ga dama muddin hukumar gasa ta amince.

Misalan ba ɓoyayyu ba ne. A 1997 gwamnatin Jihar Kwara ta sayi ƙungiyar Exide ta Ibadan, ta mayar da ita Ilori, ta raɗa mata suna Kwara United. Mutanen Ilori suka wayi gari da ƙungiya, na Ibadan suka wayi gari babu ita. A 2024 kuma Beyond Limits ta garin Ikenne a Jihar Ogun ta haura zuwa gasar Firimiya da guminta, amma mai ita shi ne mai Remo Stars, kuma ba a yarda mutum guda ya riƙe ƙungiyoyi biyu a rukuni ɗaya ba. Gurbin ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo daga gasar a wannan kakar. Wadda ta ci a fili ta zauna a ƙasa, wadda ta faɗi ta koma sama.

Mu a kudancin Jigawa mun ɗanɗana irin wannan rashi ta wata fuska, ba tare da an yi ciniki ba. An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke cikin Jihar Kano. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Kawu yakan ce shi bai ƙaura ba, Pillars ma ba ta ƙaura ba, iyaka ce ta ratsa tsakaninsu. Ya ci gaba da kiran "Sai Masu Gida" har ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ko da yake a takarda gidan ya daina zama nasa.

Jiha ta samu tata ƙungiyar, Jigawa Golden Stars, kuma a nan ne darasin ya fi fitowa fili. Bayan ta dawo gasar Firimiya a 2019, rashin filin da ya cika sharuɗɗan hukumar gasa ya sa ta riƙa karɓar baƙi a wajen jihar. A kakar 2020 zuwa 2021, gidanta shi ne filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, kuma a ƙarshen wannan kakar ta faɗo. Yi tunanin matashi a Sara ko Basirka da yake son ganin ƙungiyar jiharsa tana wasan gida, amma sai ya ratsa Jihar Kano ya shiga ta Kaduna. Zuwa Bauci kallon Wikki Tourists ya fi masa sauƙi. A lokacin 'yan jarida sukan yi wa ƙungiyar laƙabi da sunan gwamna mai ci, Badaru. Laƙabin gaskiya ya faɗa: ƙungiyar gwamnati ta mai riƙe da kasafin kuɗi ce, tana ƙiba idan yana son ƙwallo, tana ramewa idan hankalinsa yana wani wuri.

Yadda abin yake a Ingila

A gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kudu akwai wata alfahari da magoya bayan Arsenal suke yi. Alhaji Aliko Dangote ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta garinmu, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana sha'awar sayen Arsenal, kafin aikin matatar mai ya janye hankalinsa da dukiyarsa. Sai ka ji samari suna raha cewa da cinikin ya faɗa, da an kawo ƙungiyar ta yi atisaye a filin kwaleji. Raha ce, amma da yawansu ba su san cewa Arsenal ɗin kanta 'yar ƙaura ba ce. Ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886 a yankin Woolwich, kudu maso gabashin Landan. Da bashi ya yi mata katutu, 'yan kallo suka yi ƙaranci, attajirin da ya karɓe ta, Henry Norris, ya tsallaka da ita kogi zuwa Highbury a arewacin birnin a 1913. Ƙaurar ta yi mata rana. Sai dai tarihi bai cika waiwayar mutanen Woolwich da aka bari da filin da babu kowa ba.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Wimbledon, ƙaramar ƙungiyar da ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988. Ta bar filinta na Plough Lane a 1991, ta zama 'yar haya a filin wata ƙungiya. Wanda ba shi da gida kuwa ɗaukarsa ba wuya. A 2002 wani kwamitin mutum uku da hukumar ƙwallon Ingila ta kafa ya amince a kai ta Milton Keynes, garin da ke da nisan kusan kilomita 90. Ta koma can a 2003, aka sauya mata suna zuwa MK Dons a 2004. Magoya bayan da aka bari ba su tsaya kuka ba. Tun a 2002 suka haɗa kuɗi suka kafa AFC Wimbledon, mallakarsu, suka faro daga rukuni na tara. A 2011 suka shiga gasar ƙwararru, a 2020 suka koma sabon fili a unguwarsu ta asali. Attajirai sun tafi da gurbin, amma jama'ar da ke cika fili ba ta shiga mota ba.

Wasu kuma tun kafin gobara suka tanadi ruwa. A Chelsea, wani kamfani na magoya baya ne yake riƙe da ƙasar filin Stamford Bridge da haƙƙin sunan ƙungiyar. Shi ya sa ko da aka sayar da ita a 2022, daga hannun Roman Abramovich zuwa na Todd Boehly da abokan jarinsa, sababbin masu ita ba za su iya ɗauke ta da sunanta zuwa wani wuri ba sai da yardar waɗannan mutane. A Jamus kuwa doka ce: in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan da aka yi wa rangwame, mambobi ne suke riƙe da rinjayen ƙuri'a, rabi da ɗoriyar ɗaya, komai yawan kuɗin mai zuba jari.

Igiya biyu

Idan aka jera waɗannan labarai, abubuwa biyu ne suke ɗaure ƙungiya a garinta: filin da yake nata, da hannun jama'a a cikin mallakarta. Wimbledon ta rasa na farko, aka ɗauke ta. Magoya bayanta suka ƙirƙiri na biyu, suka dawo da ita. Golden Stars ba ta da na farko a lokacin da ta fi bukatarsa, na biyun kuwa ba mu taɓa neman sa ba. Ƙungiyarmu ta bayan firamare ba ta da ko ɗaya.

A nan dole in faɗi abin da ba ya yi mini daɗi. Mun iya zargin attajiri da gwamna, amma mu ma muna da kaso a laifin. Matashin da yake biyan kuɗin gidan kallo duk ƙarshen mako don ya ga Arsenal ko Barcelona, shi ne yake ganin sayen tikitin wasan gida asara ce, gara ya haura katanga ko ya jira a buɗe ƙofa kyauta. Ni ma na yi. Ban ce soyayyarmu ƙarya ba ce, kuma na san aljihun mutanenmu ba shi da nauyi. Amma mutanen da suke iya haɗa adashi, su gina masallacin unguwa da gudummawa, su gyara rijiya da aikin gayya, ba za a ce ba su san yadda ake mallakar abu tare ba. Ƙwallo ce kawai muka ware muka ce sai mai kuɗi ya yi mana.

Ba na mafarkin mutanen Gwaram da Birnin Kudu su sayi gurbi a gasar Firimiya. Abin da nake gani mai yiwuwa ƙarami ne: ƙungiyar gari mai rajistar mambobi, kowa da ɗan abin da yake bayarwa a wata, da fili mai takarda da sunan al'umma, wanda ƙaramar hukuma ta sa wa hannu. Attajiri ya zo ya taimaka, a gode masa, a rubuta sunansa a ƙirjin riga. Ranar da ya gaji ya tafi da sunansa, raga ta zauna.

Kawu ya rasu yana mai goyon bayan Pillars, Allah ya jiƙansa. Rediyonsa tana wurina. Bara na bi ta bayan firamaren nan, na ga yara suna buga ƙwallo a gefen da ba a yi gini ba, duwatsu huɗu ne turakunsu. Na tsaya na tambayi wani daga cikinsu ƙwallon ta wane ce. Ya ce ta dukansu ce, karo-karo suka yi suka saya. Na ƙara masa abin da ya sawwaƙa, na ce ya rubuta sunana a cikin masu ita.