Tayar gaba da tsayuwar mota: abin da Beetle ɗin Baba ta koya min

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Labarin yadda na kusa zuba kuɗin da na tara na zango guda a kan tayoyi biyu ne, don kawai ina so mota ta duƙa da hanci.

2/ Tun ina aji ɗaya a jami'a nake kwana kallon bidiyon hot rod. Ga wanda bai sani ba: tsofaffin motocin Amurka ne, musamman Ford ta 1932, da samarin Kalifoniya suke cire wa duk wani nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su je busassun tafkuna irin El Mirage su gwada gudu.

3/ Abin da ya fi tafiya da ni shi ne tsayuwarsu. Gaba a ƙasa, baya a sama, kamar rago zai kai karo. Siririyar taya ƙarama a gaba, kamar 5.00-16, doguwa a baya, kamar 7.50-16.

4/ Kuma asalin abin ba ado ba ne. Doguwar taya a baya tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi, sai gudu ya ƙaru ba tare da an taɓa giya ba. Siririya a gaba ba ta da nauyi, ba ta tare iska sosai. Daga baya ne abin ya zama gayu.

5/ Ni dai ba ni da Ford. Abin da muke da shi Volkswagen Beetle ce ta marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, shekara da shekaru tana ajiye a gareji. Umma ta ce in ba ta tashi ba kafin ƙarshen dogon hutu, 'yan gwangwan za ta kira.

6/ Ga abin dariyar: tayar Beetle ta asali, 5.60-15 ko 165R15, ita ce masu hot rod da yawa suke sa wa motocinsu a gaba. Wato ƙaramar tayarsu ita ce tawa ta yau da gobe. In ina son tawa ta duƙa, sai na sauka ƙasa da haka.

7/ Sai na ɗauko biro. A 165/80R15, faɗin taya milimita 165 ne, tsayin gefenta kashi 80 cikin 100 na faɗin, wato 132. Ka ninka biyu, ka haɗa da rim mai inci 15, wato milimita 381. Tsayin taya duka 645.

8/ Da wannan lissafin:
145/80R15 = 613
135/80R15 = 597
205/70R15, ta baya = 668
Amma mota rabin bambancin kawai take sauka. Daga 165 zuwa 135, hanci zai sauka milimita 24. Zuwa 145, milimita 16 kacal.

9/ Na ce 135 nake so, kuma a sauke ƙafar gaba da inci uku a kai. Na kai wa Kawu hoton, shi bakanike ne tun kafin a haife ni. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kyau kam akwai. Amma ɗan nan, a wane titi za ka tuƙa ta?"

10/ Na fara zuba masa bayanin Kalifoniya. Bai ce komai ba, ya miƙo min tef ɗin awo, ya ce in je in auno tudun rage gudun da ke bakin layinmu da kwalbatin ƙofar gida. Na auno. Da tsarin nawa, ƙarfen gaba zai riƙa gogar su kullum. Jikina ya yi sanyi.

11/ Ya ƙara min biyu. Na farko, injin Beetle a baya yake, gabanta ba nauyi. Ka sa mata siririyar taya, ka taka birki da ƙarfi a kan yashi ko ruwan sama, gaban zai iya kullewa ya zame. Sitiyari na hannunka amma ba ya jin magana.

12/ Na biyu, ƙafar gaba a ɗan kishingiɗe take zuwa baya, kamar ta keke, shi ya sa sitiyari yake komawa tsakiya da kansa. Duk digirin da hanci ya duƙa, daga wannan kishingiɗar ake cire shi. In ya yi yawa, mota ta fara yawo a babban titi.

13/ Su ma masu hot rod suna da ƙa'ida: ko taya ta sace gaba ɗaya, kada wani ƙarfe na ƙarƙashin mota ya riga rim taɓa ƙasa. Ni hoto nake kallo, ban taɓa tunanin faci ba.

14/ Duk da haka taurin kai bai bar ni ba. Na samu 135 guda biyu 'yan gwanjo, zanensu raɗau kamar sababbi, har na ba da kafin alƙalami. Kawu ya juya gefen ɗaya ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2309. Mako na 23, shekarar 2009. Na lanƙwasa robar, duk ta tsattsage.

15/ Kafin alƙalamin bai dawo ba. Kwana biyu ina jin haushi, rabi na mai tayar, rabi na kaina.

16/ Inda muka tsaya: 145/80R15 a gaba, 205/70R15 a baya, ba mu taɓa ƙafar gaba ba. Tsakanin ƙafafun Beetle milimita 2400 ne, don haka duƙawar da tayoyin suka kawo ba ta kai digiri ɗaya ba. Na ɗauka ba za a gani ba. Wallahi daga bakin layi ake gani.

17/ Ranar da ta tashi, Umma ta fito ta zagaye ta sau ɗaya, ta ce, "Me ya sa take sunkuyar da kai kamar mai jin kunya?" Sannan ta buɗe ƙofa ta zauna a inda ta saba zama. Ba a sake maganar 'yan gwangwan ba.

18/ In kana shirin irin wannan, kafin ka sayi taya ka auna mafi munin tudun da ke hanyar gidanku, ka yi lissafin nan na sama, ka duba shekarar taya. Masu tsohuwar mota a gida, wace lamba ce a tayarku ta gaba? Ku ajiye min a ƙasa.