Yammacin Tiga: Tseren Kwale-kwale Da Iskar Da Ba Ta Da Alƙawari

Idan aka ambaci Rano, tarihi ne yake fara zuwa a ran mutane: ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ƙasar Autan Bawo, wadda ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Idan kuwa Kibiya ce, sai a tuna gonakin dawa da gero da gyaɗa. Tun shekarar 2024 ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure suke ƙarƙashin masarautar Rano. Amma mata da yawa a birni ba su san cewa a gefen wannan yanki ne ruwa mafi girma a Jihar Kano yake kwance ba, wato madatsar Tiga.

Hanyar ba ta da wuya. Daga titin Zariya sai a karya ta Karfi, a ratsa Bunkure a shiga Rano. Mutanen Kibiya ma ta Rano suke biyowa. Daga nan a nufi Rurum, inda duwatsu suke ɗaure da juna kamar an jera tukwane, kafin ruwan ya bayyana.

An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano wanda ke gangarowa ta dajin Falgore. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita shida, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. 'Yar'uwa, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da kike miya da shi a tsakiyar rani, da ruwan nan ake noma su.

Bayan La'asar

Wanda yake son ganin Tiga da kyanta, ya je bayan la'asar. A lokacin rana ta yi sanyi, masunta suna fita shimfiɗa tarun da za su janye da asuba, mata masu suyar tarwaɗa da ƙarfasa suna hura wuta a bakin gaɓa. Da an gama aiki an juyo gida, sai ka ga samari a kwale-kwale biyu ko uku sun haɗa ido, kowa ya gyara riƙon itacen tuƙinsa, tsere ya kankama. Babu alƙali, babu kofi, babu ko kwabo. Wanda ya riga taɓa gaɓa ya samu abin tsokana har gobe, yara kuwa suna ta ihu a kan duwatsu.

Irin wannan nishaɗi na yamma sananne ne a wasu ƙasashe. A Ingila da Amurka ma'aikata kan tashi daga aiki a tsakiyar mako su tafi tseren ƙananan jirage masu ƙyalle, waɗanda iska kaɗai ke turawa, su dawo kafin duhu. A Legas ma akwai kulob ɗin masu irin waɗannan jirage tun 1932. Jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa yankarta a karkace, ya yi dama ya yi hagu. Saboda haka mai nasara shi ne wanda ya riga kowa gane cewa iska ta sauya. Idonsa kullum yana kan ruwa: in ya hango wani wuri ya yi duhu yana ƙananan tattara, ya san bugun iska ne ke tafe, sai ya sassauta igiya ko ya jingina jikinsa waje don kada jirgin ya kife. Abin sha'awa, wannan alamar ce dai masuncin Tiga yake dubawa, duk da cewa shi da ƙarfin damtse yake tuƙi.

Me Ya Sa Take Juyawa?

Dalili na farko shi ne ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, ta kuma fi shi saurin hucewa. Da rana iska kan taso daga ruwa zuwa tudu, da dare ta koma daga tudu zuwa ruwa. Yamma ce lokacin miƙa aiki tsakaninsu, shi ya sa sai ta tsaya cik, can kuma ta bugo daga wani ɓangaren. Na biyu, duwatsun da ke kewaye suna tare ta su karkatar da ita, ta fito ta tsakaninsu da ƙarfi kamar an buɗe ƙofar zaure.

Na uku shi ne yanayi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da ƙurar da ke ɓoye gaɓa. Da damina kuma daga kudu maso yamma. Mafi haɗari ita ce iskar hadari ta farkon damina, wajen watan Mayu da Yuni. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma, kuma yakan turo iska mai sanyi da ƙura a gabansa tun ruwan sama bai sauka ba. Wadda take kwashe miki shanya a tsakar gida ke nan. A kan ruwa babu katangar da za ta tare ta. Masana sun ce idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninki huɗu yake yi. Kwale-kwalen da aka cika har ruwa ya kusa bakinsa ba ya buƙatar igiyar ruwa babba kafin ya sha.

Abin Da Ya Shafi Uwa

Mu a Kano mun san zafin wannan. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma rahotanni sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu.

Don haka idan maigida ya ce a kai yara Tiga lokacin hutu, ko makaranta ta turo takardar yawon buɗe ido, ki amince, domin wuri ne da ya cancanci gani. Sai dai ki yi tambaya. Mutum nawa jirgin yake ɗauka? Akwai rigar kariya daidai jikin yaro? Ƙarfe nawa za a fito daga ruwa? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar. Ki ja kunnen yara su zauna a ƙasan jirgi, kada su miƙe, kada su taru a gefe guda don kallon wani abu. In gabas ta yi baƙi, ko iska mai sanyi ta taso farat ɗaya, ko an fara ganin farin kumfa a kan igiyoyin ruwa, to yawo ya ƙare, ko da an biya kuɗi. Idan tsohon masunci ya ce yau ba a shiga, a ji maganarsa. Ya fi kowa sanin halin ruwan.

Tseren samarin kuwa, daga kan dutse ya fi daɗin kallo, ga soyayyen kifi da yaji a hannu. Allah ya tsare mana zuri'a, a tudu da cikin ruwa, amin.